Shuaibu Amodu: sau biyu ya samo wa Najeriya tikitin gasar duniya, sau biyun aka sauke shi a hanya

In ana lissafin kociyoyin da suka riƙe Super Eagles mutane sun fi saurin kawo Westerhof saboda 1994, ko Keshi saboda kofin 2013, shi kuwa marigayi Shuaibu Amodu sai a ambace shi a gurguje a wuce, alhali in ka ajiye surutun gidan kallo a gefe ka duba sakamako kawai, mutumin nan sau biyu ya samo wa Najeriya gurbin gasar cin kofin duniya, 2002 da 2010, sau biyu ya kawo ta matsayi na uku a gasar Afirka, kuma duka biyun hukuma ta sallame shi ana saura kamar wata huɗu a fara gasar. Ko minti ɗaya bai taɓa zama a benci a gasar duniya ba. Abin da ya faru a 2002 kusan shi ne ya sake faruwa a 2010 tiryan-tiryan, shi ya sa nake ganin ya cancanci a zauna a bi shi daki-daki, don in abu ya faru sau ɗaya za ka ce tsautsayi ne, amma sau biyu da mutum ɗaya ai ya zama hali.

Daga Gboko aka fara

An haife shi ranar 18 ga Afrilu 1958, ɗan Okpella ne a jihar Edo ta yanzu. Ya buga gaba a Dumez da Niger Tornadoes ta Minna, sai karaya a ƙafa ta tsayar da shi, daga nan ya koma horarwa yana matashi. Inda sunansa ya fito shi ne BCC Lions ta Gboko, ƙungiyar kamfanin siminti na Binuwai, wadda kafin lokacin ba a saka ta a sahun manya irin su Rangers da Shooting Stars ba. A 1989 ya ci kofin ƙalubale na Najeriya da ita bayan doke Iwuanyanwu Nationale da ci ɗaya mai ban haushi, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu, don rabon da kofin nan ya hau Arewa tun wanda Kano ta ci a 1953, Mighty Jets ta Jos ta sha zuwa wasan ƙarshe tana dawowa hannu rabbana. Shekara ta zagayo, 1990, ya ɗauki kofin Afirka na masu riƙe da kofunan ƙalubale, ya lallasa Club Africain ta Tunisiya 3-0 a wasan farko, aka yi 1-1 a na biyu. Yana da shekara 32 a lokacin fa.

Ya je El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ya ci kofin ƙalubale da su, ya koma BCC Lions suka haɗa lig da kofi a 1994, ya riƙe Shooting Stars, ya fita har Afirka ta Kudu ya riƙe Orlando Pirates. Ina kawo wannan ne saboda masu cewa wai alfarma aka yi masa aka ba shi Super Eagles. Babu wani kocin gida a zamaninsa da ya tara kofuna kamarsa.

Da Westerhof ya tafi bayan gasar duniya ta Amurka, shi aka miƙa wa ƙungiyar, a Nuwamba 1994 ya kai ta Wembley inda Ingila ta sha da ƙyar da ƙwallo ɗaya ta David Platt, a Janairu 1995 kuma ya je gasar kofin Sarki Fahd a Riyadh suka ci Japan 3-0 suka yi canjaras da Ajantina. An sauke shi, an dawo da shi ya fara wasannin share fagen 1998, aka sake ture shi aka kawo Troussier. Tun a nan aka fara saba masa da cewa shi mai riƙon ƙwarya ne kafin Bature ya iso.

2001, lokacin da kowa ya fitar da rai

A Afrilun 2001 Saliyo ta ci Najeriya 1-0 a Freetown a wasan share fagen gasar duniya ta 2002. Wasa biyar maki bakwai, Laberiya ta George Weah tana saman rukuni, kuma ƙasa ɗaya ce tak za ta fita daga rukunin, babu wani wasan cike gurbi da za a jira. Aka kori koci Bonfrere, aka ce Amodu ya karɓa tare da Stephen Keshi da Joe Erico. Wasa uku suka rage kuma dole a cinye su duka, sannan a yi addu'a Laberiya ta yi tuntuɓe.

Suka ci Laberiya 2-0 a Fatakwal. Suka je Omdurman, wurin da ba kowa ke fita da maki ba, suka zuba wa Sudan huɗu da nema, a daidai lokacin Ghana ta je har Monrovia ta doke Laberiya 2-1. Wasan ƙarshe da Ghana a Fatakwal 3-0, Tijjani Babangida ya ci biyu. Ƙwallo tara a wasa uku, ba a zura musu ko ɗaya ba, Najeriya maki 16 Laberiya 15. E, akwai sa'a a ciki, da Ghana ba ta yi mana aiki a Monrovia ba da ba a je ba, amma sa'ar ba ta da amfani in ba ka ci naka wasannin ba, kuma 'yan wasan da suka kasa cin Saliyo wata uku baya su ne dai suka yi wannan aikin.

Sai gasar Afirka ta Mali a farkon 2002. Najeriya ba ta yi wasa mai daɗin kallo ba, wannan gaskiya ne, ɗaya da nema da Aljeriya, canjaras da Mali, ɗaya da nema da Laberiya, sai Garba Lawal ya fitar da Ghana a kwata fainal. Wasan kusa da na ƙarshe da Senegal shi ne ya ci Amodu. An ba ɗan Senegal jan kati tun kafin hutun rabin lokaci, duk da haka Papa Bouba Diop ya saka su gaba, Aghahowa ya farke ana dab da tashi, a ƙarin lokaci Salif Diao ya ƙara, sannan Najeriya ta samu fenareti Wilson Oruma ya ɓarar, aka kuma kori 'yan wasanmu biyu. Duk wanda ya kalli wasan nan ya san ciwon da ya ji. A bayan fage kuma ana ta rigima tsakanin manyan 'yan wasa ƙarƙashin kyaftin Sunday Oliseh da jami'an ma'aikatar wasanni kan kuɗin tikitin jirgi da alawus, aka ce koci ya kasa tsawata wa yaransa. An ci Mali an zo na uku, ana dawowa gida aka wargaza ƙungiyar, aka sallami Amodu da mataimakansa, aka kawo Festus Onigbinde, Oliseh da Finidi ba su ƙara saka rigar ƙasa ba.

A gasar duniya a Japan Ajantina ta ci mu 1-0, Sweden 2-1, aka tashi babu ci da Ingila bayan an riga an fitar da mu. Maki ɗaya, ƙwallo ɗaya. Ita kuma Senegal ɗin da aka ce abin kunya ne ta fitar da mu, ita ce ta buɗe gasar da doke Faransa mai riƙe da kofi, ta tafi har kwata fainal.

2008 zuwa 2010

Koci Berti Vogts ɗan Jamus ya zo da sunansa da albashinsa, Ghana ta fitar da shi a kwata fainal na gasar Afirka ta 2008, ya tafi. A Afrilu aka sake waiwayar Amodu. Zagayen farko na share fage ya ci wasa shida cikin shida, har da Afirka ta Kudu gida da waje. Zagaye na biyu shi ne ya zo da wahala, Tunisiya da Mozambik da Kenya, aka yi canjaras a Maputo, aka ci Kenya 3-0 a Abuja, canjaras a Tunisiya, sai wasan nan da Tunisiya na Satumba 2009 a Abuja da muna gaba 2-1 saura ƙiris a tashi Darragi ya farke, filin ya yi tsit, daga ranar zagi ya koma kan koci gaba ɗaya, a rediyo da jaridu ana cewa a cire shi kafin ya ƙarasa kashe mu. Wasan Mozambik a Abuja ma sai a mintunan da aka ƙara Obinna Nsofor ya ci.

Ranar 14 ga Nuwamba 2009 a Kasarani, Nairobi. Tunisiya na gaba da maki biyu, ke nan ko mun ci Kenya ba mu fita ba sai in Tunisiya ta kasa cin Mozambik. Dennis Oliech ya fara cin mu, aka je hutu ana 1-0. Amodu ya sako Obafemi Martins daga benci, Martins ya farke, Yakubu ya ƙara cikin 'yan mintuna, Kenya ta sake farkewa 2-2, jama'a a gidajen kallo ido ɗaya a talabijin kunne a rediyo ana jiran labarin Maputo, sai Martins ya sake jefawa ta uku, can kuma Dario na Mozambik ya ci Tunisiya. Najeriya maki 12 Tunisiya 11. Wasa goma sha biyu na share fage ba a doke shi ko sau ɗaya ba, kuma canjin da ya yi ne ya juya wasan da ya fi kowanne muhimmanci, amma kafin a gama murna an fara maganar wane Bature za a kawo.

Hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, NFF, ƙarƙashin Sani Lulu ta gindaya masa sharaɗin ya kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar Afirka ta 2010 a Angola. Masar ta ci mu 3-1 a wasan farko, aka ci Benin da fenareti, aka ci Mozambik 3-0, wasan Zambiya kuwa wallahi Zambiya ta fi mu taka leda, minti 120 babu ci, sai a bugun fenareti Enyeama ya tare ɗaya kuma ya buga na ƙarshe da kansa. Ghana ta fitar da mu da ƙwallon Asamoah Gyan duk da mun fi su samun dama, aka ci Aljeriya aka zo na uku. Ya cika sharaɗi ke nan. A Fabrairu aka sauke shi aka ce ya koma kula da 'yan wasan gida, aka kawo Lars Lagerback, mutumin da ya kasa kai ƙasarsa Sweden gasar da ake magana a kai, aka ba shi kwantiragin 'yan watanni da maƙudan kuɗi. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

A gasar duniya a Afirka ta Kudu Ajantina ta ci mu 1-0, Girka 2-1 bayan jan katin Sani Kaita, Koriya ta Kudu 2-2 da ƙwallon nan da Yakubu ya zubar a bakin raga. Maki ɗaya kuma dai. Shugaba Jonathan ya fusata ya ce ya dakatar da ƙungiyar shekara biyu, sai da FIFA ta yi barazana ya janye. Ghana da ta fitar da Amodu a Angola ta kai kwata fainal, hannun Suarez ne kawai ya hana ta wucewa. Masar da ta ci shi a wasan farko ita ta ɗauki kofin karo na uku a jere.

Abin da masu sukarsa suka faɗa daidai, da inda suka kauce

Ba zan ce Amodu ba shi da laifi ba. Ƙwallonsa ba ta da armashi, musamman a zuwansa na ƙarshe, mutum ne da ya fi damuwa da kada a ci shi, in ya samu ɗaya sai ya rufe gida, kuma ɗan Najeriya da ya taso yana kallon Okocha da Finidi da Amuneke ba zai taɓa gamsuwa da irin wannan ba. Yana riƙe 'yan wasan da ya yarda da su ko da ƙafarsu ta yi nauyi, kuma ba ya lallashin 'yan jarida, in aka yi masa tambayar da ya ga raini a ciki zai mayar da martani a wurin, wannan ya tara masa maƙiya a inda ake gina ra'ayin jama'a. Duk wannan an yarda.

Amma a duba abin da ke hannunsa a 2009. Okocha ya yi ritaya daga buga wa ƙasa tun 2006, Kanu ya haura talatin gwiwa ta gaji, Mikel da ake sa ran zai gaji lamba goma Chelsea ta mayar da shi mai tare gaban 'yan baya. Babu mai raba ƙwallo a tsakiya, kuma kocin ƙasa ba ya sayen ɗan wasa, kwana uku ko huɗu yake samu da su kafin wasa, wasu ma sai ana gobe wasa suke sauka daga jirgi. Wanda ya ga haka ya gina ƙungiyarsa kan gola mai kyau da baya mai ƙarfi da 'yan gaba masu gudu ai lissafi ya yi. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce da Lagerback ya zo kusan mutanen nan dai ya ɗauka, Enyeama, Yobo, Shittu, Taiwo, Kaita, Etuhu, Yakubu, Odemwingie, Martins, har Kanu, kuma wasan bai ƙara kyau ba, abin da ya canza kawai shi ne an daina samun sakamakon. Don adalci, Mikel bai je ba saboda rauni, rukunin 2002 kuma kowa ya san rukunin mutuwa ne, ba wanda zai rantse cewa da Amodu ne da an fita. Abin da ake iya cewa shi ne an cire shi ne don a samu abin da ya fi, kuma sau biyu ba a samu ba.

Inda abin ya fi ci mini rai shi ne ma'aunin da ake canzawa bayan an gama aiki. Lokacin da ake cikin rami sai a ce masa kai dai ka kai mu, ko ta yaya. In ya kai sai a ce ai ba kaiwa ba ce magana, salon wasa ne. An ce ya kai semi fainal, ya kai, sai aka ce ai ba a ji daɗin yadda ya kai ba. Ma'aikacin da ake yi wa haka babu ranar da zai ci jarrabawa, domin ba a rubuta amsar ba sai bayan ya miƙa takarda. Kuma ba a yi wa Turawa haka, Westerhof shekara biyar ya samu, ya sha 5-1 a hannun Aljeriya a wasan farko na gasar Afirka ta 1990, ya zo na uku a 1992 daidai irin na ukun da aka kori Amodu a kansa, aka bar shi ya ci gaba da gini har 1994 ta zo. Da an yi masa irin hukuncin da aka yi wa Amodu da babu kofin Afirka na 1994 da aka ci a Tunisiya, babu tawagar da muke taƙama da ita har yau.

Akwai kuma yawan masu hannu a cikin tukunyar. A 2002 ma'aikatar wasanni ce ke juya hukumar ƙwallo, a 2009 ga NFF ga kwamitin shugaban ƙasa na musamman da aka kafa don gasar duniya, kowa da ra'ayinsa kan wanda zai riƙe ƙungiya, kuma gasar duniya ita ce inda kuɗi da tafiye-tafiye da suna suke, to kocin gida wanda ba shi da wani babba a bayansa shi ne mafi sauƙin turewa. Mu 'yan kallo ma muna da namu kason, mun ɗauka zuwa gasar duniya gadonmu ne, duk wanda aka ba zai kai mu. A Maris 2022 Ghana ta zo Abuja ta yi 1-1 ta wuce Qatar ta bar mu a gida, da Osimhen da komai, a ranar mutane da yawa suka gane cewa tikitin nan aiki ne.

Shi da Keshi

Rayuwar mutanen nan biyu ta sarƙe da juna yadda abin yake ba da mamaki. Tare aka kore su a 2002. Keshi ya tafi Togo ya kai ta gasar duniya karon farko a tarihinta, shi ma aka cire shi kafin gasar 2006 aka ba Otto Pfister. Bambancin shi ne Keshi ya samu damar da Amodu bai samu ba, ya ci kofin Afirka a 2013 da ƙwallon Sunday Mba, ɗan wasan gida, aka bar shi ya je Brazil a 2014 ya fita daga rukuni, abin da Najeriya ta rabu da yi tun 1998. Wato dai amsar tambayar ko kocin gida zai iya ta fito, sai dai ta fito a makare ga Amodu.

A 2013 an naɗa shi daraktan fasaha na ƙungiyoyin ƙasa. A Oktoban 2014 da NFF ta sallami Keshi ana tsakiyar share fagen gasar Afirka, shi aka ce ya riƙe, kuma a nan ne halin mutumin ya fito, don maimakon ya kama kujerar ya rama abin da aka daɗe ana yi masa, sai ya nemi a bar Keshi ya ƙarasa wasannin da suka rage, cikin sati biyu Keshi ya dawo bakin aiki. Mutum ne da ya san ɗacin a karɓe maka aiki a tsakiyar hanya, bai so a yi amfani da shi a yi wa abokinsa ba. A Afrilun 2016 aka sake tabbatar da shi a kujerar daraktan fasaha.

Keshi ya rasu a birnin Benin na jihar Edo daren 7 ga Yuni 2016 yana da shekara 54. Amodu na cikin waɗanda suka je gidan gaisuwa. Kwana uku bayan nan, daren Juma'a 10 ga wata, cikin azumin Ramadan, ya yi ƙorafin ciwon ƙirji, ya kwanta bai tashi ba, shi ma a Benin ɗin, yana da shekara 58. Washegari aka kai shi Okpella aka yi masa sutura kamar yadda addinin Musulunci ya tanada. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa kurakuransa, ya sa Aljanna ce makomarsa.